Louis Braille: Makahon Yaron Da Aka Ba Wuri A Bencin Gaba

Da aka ce kowa ya kawo wa wannan mujalla tarihin wani mutum da ya bar wa duniya abin amfani, na san yawancinmu wajen sarakuna da 'yan siyasa da manyan malamai za mu nufa. Ni kuwa sai na ɗauko wani Bafaranshe, ɗan baduku, wanda ya rasu tun shekarar 1852. Kafin ku ce me ya haɗa Bahaushe da shi, bari in faɗa muku dalili. Bashi ne a kaina.

Ni mutumin Kanya Babba ne, a ƙaramar hukumar Babura. Ina aji uku na firamare aka kawo mana wani yaro sa'ana, ɗan maƙwabtanmu, wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya rantse ɗansa ba zai riƙe ƙoƙon bara ba, ya je ya roƙi malamin ajinmu, malam ya ce a kawo shi. Innata ta ce tunda ƙofarmu ɗaya, ni zan riƙa riƙe masa sanda, mu tafi tare mu dawo tare. Na yi zango biyu ina wannan aiki. Wallahi ya fi mu kai. Abin da malam ya faɗa sau ɗaya ya zauna masa, mu kuwa sai an haɗa da bulala. To amma yara suka sa mini suna ɗan jagora, in mun fito tara suna bin mu suna waƙar bara. Na fara sulalewa ta bayan gida da sassafe don kada ya ji fitata. Bayan 'yan makonni ya daina zuwa, babu kuma wanda ya tambaye ni dalili.

Na manta da wannan magana shekara da shekaru, sai bara da na ci karo da tarihin Louis Braille a laburare. Kowa ya san shi da rubutun makafi. Abin da ban sani ba shi ne, kafin ya ƙirƙiro komai, shi ma makahon yaro ne guda ɗaya tilo a ajin masu ido, a makarantar ƙauye.

A shagon baduku

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairun 1809 a Coupvray, wani ƙauye da ke gabas da birnin Faris, tafiyar kilomita 40 ko ƙasa da haka, wato kusan rabin nisan Kazaure zuwa Kano. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Simon-René, baduku ne mai yin kayan doki: sirdi, ragama, da sauran abin da ake yi da fata. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar dukawa ya san irin kayan da ke warwatse a wurin, wuƙaƙe da almakashi da basilla, ya kuma san yadda suke jan hankalin yaro.

Yana ɗan shekara uku, a 1812, ya shiga shagon ya ɗauki ɗaya daga cikin kayan nan masu tsini yana kwaikwayon babansa. Abin ya kuɓuce ya soke shi a ido. A wancan zamani babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idon ya ruɓe, ciwon ya tsallaka ɗayan, kafin ya cika shekara biyar ya daina gani kwata-kwata.

Kada ku ɗauka don Turai ce makaho yana da gata a lokacin. Makomar ɗan talakan da ya makance a Faransa ta wancan ƙarni ita ce bara a ƙofar coci ko a kasuwa, kamar dai yadda muka saba gani a tashoshinmu. Iyayen Louis ba su yarda da haka ba. Ba su ɓoye shi a ɗaki ba, ba su kuma mai da shi abin tausayi ba. Babansa ya sassaƙa masa sanda, ya koyi hanyoyin ƙauyen da kansa, yana taya aikin gida da na shago gwargwadon ƙarfinsa. Ana ba da labarin cewa uban ya riƙa kafa ƙusoshi masu faffaɗan kai a jikin katako, ya fitar da siffar baƙaƙe, yaron yana shafawa yana gane su.

Makarantar masu ido

A 1815 aka kawo sabon fada cocin ƙauyen, sunansa Jacques Palluy. Ya lura da yaron, ya fara zama da shi yana koya masa abubuwa da baki: labaran addini, sunayen tsirrai da za a gane da ƙamshi ko da taɓawa, kukan tsuntsaye, sauyin yanayi. Da ya ga kan yaron ya wuce abin da shi kaɗai zai iya ba shi, sai ya je wurin malamin makarantar ƙauyen, wani saurayi mai suna Antoine Bécheret, ya roƙe shi ya karɓi Louis a ajinsa tare da sauran yara.

Ku tsaya ku dubi matsayin wannan malami. Babu dokar da ta tilasta masa. Ba a horar da shi koyar da makafi ba. Ba shi da littafi ko ɗaya da yaron zai iya karantawa. Da ya ce a'a, babu mai ganin laifinsa, don babu wanda ya saba ganin makaho a aji. Amma ya ce to. Louis ya shiga makarantar yana ɗan shekara bakwai, aka zaunar da shi a gaba kusa da malam don ya ji komai, wani yaron unguwarsu kuma yana rako shi kullum. Da kunne kawai yake karatu, yana haddace abin da ya ji, ba a daɗe ba ya shiga sahun gaba a ajin.

Nan ne na ajiye littafin na yi shiru. Duk abin da aka yi wa Louis a Coupvray an yi wa maƙwabcina: uba mai zuciya, malamin da ya yarda, benci a gaba, da yaron da zai riƙe sanda. Bambancin kawai, nasa ɗan rakiyar bai gudu ba.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, ko da ban gudu ba akwai katangar da za mu tarar a gaba, ita ce kuma Louis ya tarar. Kunne yana da iyaka. In malam ya ce a buɗe littafi, shi sai zama. In aka ce a ɗauki alƙalami, sai zama. Ba ya iya bitar darasi shi kaɗai da dare, ba ya iya ajiye tunaninsa a takarda ya dawo ya same shi gobe. Yana cikin aji, amma rabin abin da ake yi a ajin ya fi ƙarfinsa, ba don ƙwaƙwalwa ba, don rashin kayan aiki. Fada Palluy ya gane haka. Ya ji labarin wata makarantar makafi a Faris, ya nemi taimakon wani mai sarauta na yankin, Marquis d'Orvilliers, aka samar wa yaron gurbi da tallafin karatu. Ranar 15 ga Fabrairun 1819, yana ɗan shekara goma, babansa ya raka shi birni.

Gidan danshi a Faris

Makarantar tana da nata tarihin. Wani mutum mai suna Valentin Haüy ne ya kafa ta. A 1771 ya ga an tara makafi a wani bikin kasuwa a Faris, an sa musu hulunan wawaye da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta hayaniya jama'a na dariya. Abin ya tsaya masa a rai. A 1784 ya ɗauki ɗalibinsa na farko, wani saurayi mai bara a ƙofar coci, François Lesueur. Da yake gidan su saurayin da kuɗin barar suka dogara, sai Haüy ya riƙa biyansa abin da zai samu in ya fita, don ya zauna ya yi karatu. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin raba yaro da talla ko bara a garuruwanmu ya san wannan lissafi.

Lokacin da Louis ya iso, makarantar tana cikin wani tsohon gini mai duhu da danshi, wanda aka taɓa mayarwa kurkuku a zamanin juyin juya halin Faransa. Abinci ba daɗi, horo mai tsanani, yara suna yawan ciwo. Amma akwai darussa, akwai sana'o'in hannu, akwai kiɗa, akwai kuma littattafai. Haüy ya samo dabarar buga baƙaƙen boko manya-manya masu tudu a kan takarda mai kauri, yadda yatsa zai bi siffarsu. Matsalar ita ce an yi baƙaƙen nan don ido ne, ba don yatsa ba. Sai yaro ya zagaye harafi ɗaya da yatsa kafin ya gane shi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Littafi guda kaya ne, kuma 'yan kaɗan ne a makarantar. Uwa uba, ɗalibi ba shi da hanyar yin irin wannan rubutu da hannunsa.

A 1821 aka shigo da wata sabuwar dabara makarantar, ta wani tsohon hafsan soja mai suna Charles Barbier. Maimakon siffar harafi, shi ɗigo ya yi amfani da shi, ɗigogi masu tudu da ake hudawa da tsinke a kan takarda. An daɗe ana cewa don sojoji ya ƙirƙiro ta, su riƙa karanta saƙo cikin duhu, amma masu binciken da suka koma kan takardunsa daga baya sun nuna cewa makafi da waɗanda ba su sami karatu ba ne a ransa. Ɗalibai suka yi murna, don yatsa yana jin ɗigo fiye da layi, ga shi kuma a karon farko suna iya rubutawa da kansu. Amma tsarin yana da nauyi. Kowace alama tana iya kai ɗigo 12, layi biyu na shida-shida a tsaye, tsawon da kan yatsa ba ya rufewa a taɓawa ɗaya. Kuma yadda aka koyar da shi a makarantar, sautin magana yake bi, ba ƙa'idar rubutu ba, babu lambobi, babu alamomin tsayawa.

Ɗigo shida

Louis yana ɗan shekara 12 a lokacin. Ya ɗauki allo da tsinke ya shiga gwaji, da dare bayan an kwanta, da lokacin hutu in ya koma Coupvray. Wajen shekara uku yana wannan aiki. A 1824, yana da shekara 15, wato sa'an ƙannenmu na sakandare, ya fito da tsarin da duniya take amfani da shi har yau.

Ga yadda yake, don 'yan injiniya da 'yan kwamfuta su ji daɗi. Ya rage gidan harafi zuwa ɗigo shida kacal, uku a hagu uku a dama, daidai abin da kan yatsa zai rufe a lokaci guda. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama 4, 5, 6. Kowane ɗigo ko dai yana nan ko babu shi. In ka ninka biyu sau shida za ka sami 64, ka cire gidan da babu komai, saura alamomi 63. Wanda ya yi darasin lissafin sifili da ɗaya a ajin kwamfuta ya gane abin da yaron nan ya yi, fiye da shekara ɗari kafin a ƙera kwamfutar.

Bai kuma raba alamomin da ka ba. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, ɗigogi huɗu na sama kawai suke amfani da su: a ɗigo na 1 ne, b na 1 da na 2, c na 1 da na 4, haka har j. Goma na biye, daga k zuwa t, su ne dai na farkon aka ƙara musu ɗigo na 3. Sauran kuma a ƙara na 3 da na 6. Ka ga in ka haddace goma, ka kusa gamawa. Harafin w ne kawai ya zo daga baya ya tsaya a gefe, don Faransanci bai cika amfani da shi ba. Lambobi kuwa, sai ka sa wata alama a gaba, a ta zama 1, b ta zama 2, har j ta zama sifili. Da yake shi makaɗi ne, ya fitar da hanyar rubuta kiɗa ma da ɗigogin nan.

Kayan aikin ba su da yawa: allo mai ramuka, da marfi mai 'yan tagogi da ke riƙe takarda, da tsinke mai kan katako. Ana hudawa ta bayan takarda daga dama zuwa hagu, kamar mai rubutun ajami, sannan a juya ta a karanta tudun daga hagu zuwa dama. Ku lura da tsinken nan. Ɗan'uwan abin da ya tsone masa ido ne a shagon babansa.

Ya buga littafin da ya bayyana tsarin a 1829, yana da shekara 20, ya sake fitar da shi da gyare-gyare a 1837. A ciki bai ɓoye cewa daga Barbier ya samo tushen dabarar ba.

Malami, da shekarun haramci

Louis bai bar makarantar ba. Ya zama mataimakin malami a 1828, daga baya cikakken malami, yana koyar da nahawu da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kiɗa. Ya ƙware a babban abin kiɗan coci da ake kira ogan, har yana kaɗa shi a manyan coci-coci na Faris. Bai kuma manta da masu ido ba. A 1839 ya fito da wata dabara ta zana baƙaƙen boko da ɗigogi, don makaho ya iya rubuta wasiƙar da ɗan'uwansa mai gani zai karanta, wani abokinsa makaho mai suna Foucault ya ƙera na'urar da ke sauƙaƙa aikin. Yaron da ya fara karatu a cikin masu ido bai taɓa son a raba duniyar biyu ba.

Shugaban makarantar na lokacin, Dakta Pignier, ya goyi bayansa, ya bar ɗalibai suna amfani da ɗigogin. Amma a 1840 aka sauke shi, mataimakinsa Dufau ya hau. Dufau ya hana rubutun Braille a makarantar, aka ƙwace alluna da tsinkuna, ya sa aka ƙona tsofaffin littattafai don ya kawo nasa salon baƙaƙe masu tudu. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, wai in makafi suka yi rubutun da ya bambanta da na kowa, za su ware daga jama'a, gara su yi irin na masu ido ko da wahala. A ƙarƙashin hujjar kuma akwai tsoro: in makafi suna iya karatu da rubutu da koyar da junansu, ina amfanin malamai masu ido?

Wannan hujja tana da daɗin ji, har yau ma ana yin irinta. Sau nawa muka ji an ce ai kowa daidai ne, don haka takarda ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya ga kowa a jarrabawa? Ba adalci ba ne ka miƙa wa makaho takardar da ka miƙa wa mai ido ka ce ka yi musu daidai. Tambaya ɗaya za ka yi musu, amma kowa ka ba shi ta hanyar da za ta isa gare shi.

Ɗaliban ne suka ƙi. Suka ci gaba da rubutun a ɓoye, da ƙusa, da cokali mai yatsu, da allurar saƙa, manya suna koya wa ƙanana da dare, ana kama su ana hukunta su suna komawa. Mataimakin Dufau, Joseph Guadet, ya ga wannan yaƙi ba mai ciwuwa ba ne, ya shawo kan maigidansa. Ranar 22 ga Fabrairun 1844, wajen bikin buɗe sabon ginin makarantar, aka gwada tsarin a gaban jama'a: aka yi wa wata ɗaliba shifta ta rubuta da ɗigo, aka shigo da wata da ba ta wurin lokacin, ta shafa ta karanta tsaf.

Lokacin jikin Louis ya riga ya tafi. Tarin fuka ya kama shi tun yana da shekara ashirin da wani abu, ga zaman shekaru a gidan danshi. Ya riƙa rage darussa yana komawa ƙauye hutawa. Abokansa sun shaide shi da kyauta, ɗan albashinsa yana taimakon ɗalibai da shi, ya kuma bar wasiyya a ƙona takardun bashin da yake bin mutane. Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43, aka binne shi a Coupvray. Sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, hukuma ta amince da rubutunsa a hukumance. A 1878 wani taron ƙasa da ƙasa a Faris ya zaɓe shi a matsayin rubutun makafi. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, inda Faransa take binne manyan mutanenta, amma mutanen ƙauyensu suka roƙa aka bar musu ƙasusuwan hannayensa. Yau ana rubuta Larabci da ɗigogin nan, akwai Alƙur'ani mai girma da aka buga da su, ana rubuta Hausa ma. Tun daga 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya take bikin ranar 4 ga Janairu a matsayin ranar rubutun Braille.

Mu dawo gida

Wani zai ce ai wannan labarin Turawa ne. To mu zaunar da makaho a cikin masu ido ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san abin da ya sa aka saukar da farkon Suratu Abasa, mun san matsayin da Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya samu a Madina, har ladanci da riƙon gari. Makarantar allo da zauren malam ba su taɓa korar yaro don ba ya gani ba. Daga irin wannan karatu na kunne aka sami Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. A boko ne muka tsaya, don boko karatun allon bango da littafi ne.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. An buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. Akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a Oyo mai horar da malamai, akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero. Amma makarantu na musamman 'yan kaɗan ne, a birane suke. Uba a Gwiwa ko Roni ko wani ƙauyen Babura ba lalle ya iya ɗaukar ɗan shekara bakwai ya kai shi kwana wani gari ba, balle in mace ce. Makarantar da ke kusa da gida ita ce gaskiyar yawancin yaran nan. Shi ya sa a 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanca ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi kowane yaro. Mu ma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar, a kuma sa rubutun Braille da maganar hannu a manhaja. Dokar tana takarda. Wanda zai sauko da ita cikin aji, mutum ne.

Abin da na koya daga rayuwar Louis shi ne abu biyu ne, kuma ɗaya ba ya isa sai da ɗayan. Coupvray ta ba shi wuri a cikin mutane, ba ta da kayan aiki. Faris ta ba shi kayan aiki, ta raba shi da gida tun yana shekara goma, ta kuma ci lafiyarsa. Yaron yau bai kamata a ce ya zaɓi ɗaya ba.

Mu kuma ba 'yan kallo ba ne. Da yawanmu in mun gama babbar difloma aji za a tura mu bautar ƙasa. In ka tarar da yaron da ba ya gani sosai, ko ba ya ji sosai, abin da Bécheret ya yi bai ci ko kwabo ba. Ka dawo da shi gaba. Duk abin da ka rubuta a allo ka faɗe shi da baki. Ka kira shi da sunansa in za ka yi masa tambaya. In babu takardar da zai karanta, ka yi masa jarrabawa da baki, ka ƙara masa lokaci. Maganar rakiya kuma, don Allah kada ka ɗora wa yaro ɗaya. Ka raba wa huɗu ko biyar, kowa da ranarsa, ka kuma nuna wa aji cewa girma ne. Da an yi haka a ajinmu, da tsokanar ba ta sami wanda za ta kama ba.

A nan cikin makaranta ma akwai abin yi. In kana tura handawut a WhatsApp, ka tura rubutun da aka buga, ba hoton takarda ba, don manhajar da ke karanta wa makaho waya ta fi gane shi. Ka ɗauki lakca a waya ka tura wa mai buƙata. Mu daina ajiye babura a bakin ƙofar aji da kan hanyar ƙafa. 'Yan wakshof kuwa, allo da tsinken Braille ba jirgin sama ba ne, ɗan ƙarfe ne ko roba da ramuka a jere bisa awo. Mai neman abin da zai yi furojet a kai, ga shi nan.

Da hutun da ya wuce na je Kanya Babba, na tarar da maƙwabcin nawa a ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya sauke Alƙur'ani tuni, da ka, yana da mata da ɗiya ɗaya. Na zauna na ba shi labarin Louis tun daga shago har Panthéon, sannan na yi ta maza na faɗa masa cewa da gangan nake sulalewa a wancan lokaci, na roƙe shi gafara. Ya yi dariya, ya ce ai yana jin ƙarar ƙyauren bayan gidanmu kullum, ya san ni ne, kuma ya yafe tun tuni. Abin da ya ce ya fi damunsa shi ne a sau bakwai aka tsaya a lissafi ranar da ya daina zuwa, har yau bai san yadda sau takwas take tafiya a jere ba. Muka yi ta tare a wurin, bai maimaita ba sau biyu.

Da zan tashi ya tambaye ni ko mai shekara irin tasa zai iya koyon ɗigogin nan. Na ce masa zai iya. Na yi masa alkawarin allo da tsinke kafin hutu mai zuwa, kuma ni ma sai na koya kafin in koya masa. Wanda ya san inda ake samu a Kano, ko yake ganin za mu iya ƙerawa a nan, ya neme ni ta ofishin ƙungiyar ɗalibai. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu amfani na bayanmu.